Tsohuwar da Aka Ɗora wa Doya a Ka

Hajiya Rukayyat, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimaka min da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Kwana tara ke nan abu ɗaya yana cin raina, na rasa wanda zan faɗa wa. Matata har ta gaji da tambayata ko ba ni da lafiya ne. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ni mai ɗaukar hoto ne, shekarata arba'in da uku, ina da situdiyo a Wuse. Daga sakandare na tsaya. A gindin bishiya na fara sana'ar, a bakin wata ma'aikata, muna rataya jan ƙyalle a jikin katanga muna yi wa masu neman aiki hoton fasfo. Da farar hula suka dawo mulki garin ya buɗe, bukukuwa da taruka suka yi yawa, Allah ya rufa min asiri. Yanzu har manyan mutane kan aiko mota in je in yi musu hoton iyali.

Bana wata ƙungiya ta shirya gasar hoto ta ƙwararru, wani banki ya ɗauki nauyi, aka sa ni cikin alƙalai biyar. Sauran huɗun duk masu takardu ne. Shugabarmu, Dakta Nafeesa, malamar jami'a ce da ta yi karatu a Ingila. Akwai Madam Angela, editar hotuna daga Legas, wadda in ta ga hoto sai ta cire tabarau ta ja da baya taku uku kafin ta ce uffan. In na zauna a cikinsu nakan ji kamar wanda ya shigo gyaran fanka aka ce ya zauna a ci abinci da shi.

Da za a buga ɗan littafin gasar aka ce kowane alƙali ya kawo tarihinsa. Na rubuta layi huɗu. Sakataren gasar ya duba, ya ce ai nawa ba zai iya zama kusa da na Dakta a haka ba, in bari ya ɗan gyara min. Da littafin ya fito sai na ga wai na yi karatun hoto a Landan. Kwana goma sha biyu na yi a Landan ɗin, bita ce ta masu sayar da kyamara. Littafin ya kuma ce ni haifaffen Zariya ne, wannan kuwa ni na rubuta da hannuna, kuma ba gaskiya ba ne. Ban ce a gyara ko ɗaya ba. In faɗa miki gaskiya, daɗi ma na ji.

A wani ƙauye bayan Jiwa aka haife ni. Mahaifina Bazazzagi ne mai sarin doya, mahaifiyata Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ina shekara tara ya rasu, baffannina suka tafi da ni Zariya. A can yara suka laƙaba min ɗan Bagwariya, in na zo wucewa sai su karkata wuya suna kwaikwayon tafiyar mai kaya a kafaɗa. Tun daga nan na koyi kame bakina. Mahaifiyata tana nan da ranta, tana nomanta. Ina aika mata duk abin da take buƙata, amma ni kaina sai sallah zuwa sallah nake zuwa, alhali tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.

To ga abin da ya faru. Hotunan gasar ba suna a jikinsu, lamba ce kawai. A rukunin rayuwar yau da kullum, doka ta ce dole hoton ya zama na abin da ya faru da kansa, ba wanda mai hoto ya shirya ba. Wanda aka kama ya shirya za a cire shi, a sanar da sunansa, a hana shi shiga har shekara uku. Mu ma alƙalai mun sa hannu cewa duk wanda ya gane mai hoto zai faɗa.

A zama na biyu aka haska lamba sittin da huɗu, na wannan rukuni. Wata tsohuwa ce da baƙin zane na saƙi, da ƙatuwar ƙwarya cike da doya a kanta. Can bayanta ga benayen da ake ta ginawa, hasken safiya ya sauka a fuskarta har ana iya ƙirga tamojin goshinta. An rubuta a ƙasa cewa tsohuwar Gbagyi ce tana dawowa daga gona a Jiwa. Madam Angela ta ce labarin Abuja gaba ɗaya yana cikin wannan hoto, Dakta ta ce shi ya dace da bangon littafi.

Ni kuwa wani abu daban na gani. Hajiya, tsohuwar Gbagyi mai waɗannan shekaru ba ta ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ta bayan wuya. Mahaifiyata tana da kantar ɗaukar kaya a wurin, baƙa mai kauri, ina yaro nakan sa yatsa ina dannawa tana dariya. Ranar da ta ga na ɗora bokiti a ka ta sauke shi da faɗa, ta ce kai ne ke yi wa jiki tunani, ba a mayar da shi jaki. Na dubi tsohuwar hoton da kyau. Ta ƙanƙame ƙwaryar da hannu biyu, wuyanta a sanƙare, ko gammo babu. Wani ne ya ɗora mata.

Na kuma san dalili, don sana'ata ce. Mai kaya a kafaɗa sunkuyawa take yi, fuskarta ta faɗa inuwa, haske ba ya samunta. In kana son fuska ta miƙe ta kalli rana, sai ka mayar da kayan ka.

Da aka zo ba da maki na ba shi huɗu cikin goma, sauran duk tara suka ba shi. Dakta ta tambaye ni dalili. Maimakon in faɗi abin da na gani, sai na ji bakina ya ce hasken ne bai yi min ba. Hasken da shi ne mafi kyau a duk gasar! Madam Angela ta cire tabarau, ni ta kalla wannan karon. Na ga abin da suke tunani a fuskokinsu, cewa an kawo musu mai hoton biki wanda bai san komai ba. Kunyar ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na san mai hoton. Manniru ne, abokina da muka fara a gindin bishiya tare. Na san yadda yake duhunta kusurwoyin hoto, kuma shi da bakinsa ya ce min ya je wajen Jiwa aikin gasa, tun kafin a sa ni alƙali. Wallahi ya fi ni iyawa, sa'a ce dai ba ta zo masa ba. Shagonsa na Karmo ya tafi a rusau, ya koma wani lungu a Mararaba da 'ya'ya shida. Wanda ya ci gasar za a ba shi kayan aiki sababbi da horon wata shida a waje, irin damar da yake jira shekara ashirin. Ya kuma san ƙauyenmu, ya raka ni gaisuwar rasuwar kawuna, ya ci sakwarar mahaifiyata, ya ga matan nan da idonsa. Wannan ne ke min ciwo.

In na yi magana na karya abokina a bainar jama'a, kuma za a tambaye ni yadda haifaffen Zariya mai karatun Landan ya san wuyan matan Jiwa. Shi ma Manniru, in ransa ya ɓaci, magana ɗaya zai yi tarihina ya zube. In na yi shiru, hoton zai hau bangon littafi da kalandar banki, dangin mahaifiyata su gan shi a rataye a shaguna, da sunana cikin waɗanda suka zaɓe shi. Saura kwana goma zaman ƙarshe. Har na fara tunanin in ce ba ni da lafiya ranar. Me zan yi?

Naki,
Mai Hoto, Wuse

*

Malam Mai Hoto, wa alaikumus salam.

Na aika maka wannan amsa ta imel tun ranar da takardarka ta iso, na kuma riƙe bugawa har a gama gasar, don kada jarida ta riga ka magana.

Da farko ka cire maganar ciwon ƙarya daga ranka. In ba ka je ba hoton zai ci, kuma kai ka bar shi ya ci, sai dai kana kwance a gida lokacin.

Na fahimci tausayin da kake wa Manniru, ba kuma abin kunya ba ne. Mutumin da rusau ya tasa, ga iyali, ga gwaninta da ba a gani, in ya ga ƙofa ta buɗe zai iya yin abin da ba halinsa ba. Sannan ka lura, abin da kake da shi zato ne mai ƙarfi, bai kai shaida ba tukuna. Ana iya samun tsohuwar da ta daɗe cikin Hausawa ta sauya ɗauka, ana iya yin kuskure wajen rubutun da ke ƙasan hoto. Kada ka yanke masa hukunci kai kaɗai a zuciyarka. Amma ka tuna da sauran waɗanda suka shiga gasar. A cikinsu akwai wanda ya tsaya sa'o'i yana jiran haske ya samu fuska, bai taɓa kayan kowa ba. Shi ma yana da 'ya'ya, ba ka dai san sunansa ba ne. Akwai kuma ita tsohuwar, wadda aka sauya mata al'ada don hoto ya yi kyau.

Ga abin da nake gani. Kada ka kira Manniru yanzu, hakan zai ɓata ka ya ɓata shi. Ka nemi Dakta ita kaɗai kafin ranar zaman. Ka gaya mata kana zaton ka san mai lamba sittin da huɗu, ya kamata ka faɗa tun farko, ba ka faɗa ba. Ka gaya mata abin da ka gani a wuyan tsohuwar da hannayenta. Ka roƙi a nemi hotunan da ya ɗauka kafin wannan da bayansa, a kuma tambayi dattawan Gbagyi biyu da ba su san kowa ba. Daga nan ka cire hannunka daga ba wannan hoto maki. Ka roƙa masa a saurare shi kafin a hukunta, in kuma dokarku ta ba da dama, a bar shi ya janye ko ya mayar da hoton rukunin da aka yarda a shirya. Wannan ne iyakar abin da abota za ta iya yi masa a nan. In an gama, ka je Mararaba da ƙafarka ka faɗa masa kai ne ka yi magana, kada ya ji a bakin wani. Zai iya yin fushi na shekaru, ban ɓoye maka ba.

Sai maganar tarihinka. A zaman da za ka yi da Dakta ka nemi a gyara Landan da Zariya. Ba ka da bakin cewa wani ya shirya hoto alhali naka tarihin a shirye yake. In ka gyara da kanka, babu abin da ya rage a hannun Manniru ko wani. Za a yi 'yan ƙananan maganganu na mako guda, wataƙila wasu manya su daina aiko mota. Ba na jin za su yi yawa, don hoton iyali suke nema, ba takardar haihuwarka ba.

Abin da ya ba ni mamaki a takardarka shi ne yadda kake raina kujerarka. Mutum huɗu masu digiri sun kalli hoton nan suka ga haske da benaye. Kai kaɗai ka ga cewa matar tana shan wahala da kayan da ba ta saba ba. Ba a Landan ka koyi wannan ba. Dalilin da ya sa ake tara alƙalai biyar maimakon ɗaya shi ne kowa ya zo da abin da gidansu ya koya masa, kai kuma ka bar naka a bakin ƙofa ka shiga da na aro. Yaran da suka tsokane ka a Zariya sun tsufa, na tabbata sun manta da kai, kai ne har yau kake musu biyayya.

A ranar zaman, wani cikinsu zai tambaye ka yadda aka yi ka sani. Kada ka ce ka karanta a littafi, kada ka ce wani ne ya gaya maka. Amsar kalma uku ce, mahaifiyata Gbagyi ce, kuma shekara talatin da huɗu kana haɗiye ta. Ka faɗe ta da muryar da na ƙarshen tebur zai ji.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya buɗa wa Manniru ta hanyar da ba zai sunkuyar da kai ba, ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana.

Hajiya Rukayyat