Albashin Farko Ya Maƙale, Baba Zai Koma Lahadi

Tanti Shafa'atu, don Allah ki taimaka mini, kuma ki yi sauri, kwana shida kacal gare ni. Ko sallama ban yi ba, ki gafarce ni, assalamu alaikum. Abin da ke damuna idan wani ya ji dariya zai yi, ya ce daɗi ne ya yi mini yawa. Daɗin ne kuwa, amma ya zo da ƙaya a ciki.

Ni 'yar Maradi ce, shekarata biyar a Lyon, karatu ya kawo ni. Da na gama sai da na yi wata takwas ina aika takardun neman aiki, wasu su ba ni haƙuri, wasu ko haƙurin ban samu ba. Watan jiya Allah ya yi, aka ɗauke ni a wani ɗan labo, wato ɗakin bincike, da ke gwada tsabtar ruwan sha. Ina cikin bas aka kira ni. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da ni ta ƙanƙame jakarta.

A gidanmu akwai wata al'ada. Duk wanda ya fara aiki, albashinsa na farko sai ya kai wa Baba hannu da hannu. Baba mai gyaran agogo da rediyo ne a kasuwa, kuma ba cin kuɗin yake yi ba. Zai karɓa ya tofa addu'a, ya zari takardar kuɗi ɗaya ya sayi dabino ya raba a masallacin unguwa, ya maido wa mutum sauran ya ce Allah ya sa albarka. Yayuna uku duk sun yi. Ni ce auta, tun ina ƙarama nake cin dabinon wasu, ina lissafin ranar nawa.

To sai ga shi abin ya zo daidai kamar an tsara. Matar Yaya Ilya ta haihu a Paris, an samu Nour, Baba ya zo suna, zuwansa na farko ƙasar nan. Tanti, da kin ga Baba a unguwar Goutte d'Or cikin ƙatuwar rigar sanyin Yaya! Ba ya wuce shagon agogo sai ya tsaya ya duba, ya ce wannan ya yi latti da minti biyu. Mahautan kasuwar Château Rouge kuwa duk sun san ni ba su taɓa ganina ba, don ya gaya musu ɗiyarsa ce ke duba ruwan da Turawa ke sha, in ba ta yarda ba ba mai kurɓa.

Ƙarshen wata mai labon namu, wani dattijo mai kirki, ya ce ba a gama shigar da lambar asusuna ba, don haka wannan karon da shek zai biya ni, abin da 'yan Najeriya ke ce wa cak. Da na karɓa, maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ruga banki na jefa shi cikin na'ura, na fito na kira gida kowa da kowa, na ce ranar Asabar ina nan tafe Paris da ambulan. Baba har ya zaɓi shagon da zai sayi dabinon, wai 'yan masallacinsu su ma su ɗanɗana na Paris.

Kwana uku ina duba waya, shiru. Da na kira bankin sai wata mata ta ce mini asusuna ƙarami ne, irin wanda na buɗe ina ɗaliba, kuma irin wannan kuɗi bai taɓa shiga cikinsa ba, saboda haka za su riƙe shek ɗin har su tabbatar, abin yana iya kai mako biyu. Na yi mata bayanin Baba da dabino da Faransancin da na iya duka, ta ce ta fahimta, amma na ji a muryarta ba ta fahimci komai ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Abin da ya rage a asusun, in na cire kuɗin jirgin ƙasa, ko kazar kirki ba zai saya ba.

Baba zai tashi ranar Lahadi. Ni kuma takarduna na zama ana kan sauya su daga na ɗaliba zuwa na ma'aikaciya, ban san ranar da zan iya zuwa gida ba. Baba ya haura saba'in. Ba na son faɗin abin da ke raina, amma kin gane, tsoro nake ji.

Yaya Ilya ya ce in daina wahalar da kaina, zai zuba nasa kuɗin a ambulan in miƙa wa Baba a matsayin nawa, in nawa sun fito in tura masa, kuɗi ba su da suna. Inna kuma ta waya ta ce in bari kawai in aika daga baya. Na Yaya ya fi sauƙi, kowa zai yi murna, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Addu'ar da Baba zai tofa, a kan gumin wa za ta sauka? In kuma na faɗi gaskiya, ina jin kunyar in zo hannu rabbana bayan duk cika bakin da na yi, ga shi ya gama shelanta ni a gari. Tanti, yaya zan yi?

Autar mai agogo, Lyon

Ɗiyata, wa alaikumus salam. Na tsallake wasiƙu huɗu na ɗauko taki, don Lahadi ba ta jiran kowa. Kafin komai, barka! Wata takwas na nema ba wasa ba ne, Allah ya sa wannan aiki ya zama ƙofar alheri. Ki gaida mini tsohuwar nan ta cikin bas idan kun sake haɗuwa.

Bari in fara da bankin. Ba ƙiyayya suke miki ba, kuma kuɗinki ba su ɓata ba. Shek alkawari ne a takarda, banki kan so ya ga alkawarin ya cika kafin ya saki kuɗi, musamman a ƙaramin asusun da bai saba ganin babban baƙo ba. Amma waya ba ta buɗe irin wannan ƙofa. Gobe da safe, ba Juma'a ba, don ba a fafe gora ranar tafiya, ki je da ƙafarki ki nemi ganin wanda ke kula da asusunki. Ki riƙa kwantaragin aiki da takardar albashi, ki roƙa a sakar miki ko da wani ɓangare ne. Idan dattijon naku zai yarda bankinsa ya tabbatar musu, ya fi kyau. Suna iya yarda, suna iya ƙi, ban yi miki alkawari ba. Ki kuma kai lambar asusunki wurin aiki a makon nan, albashin gaba ya faɗo kai tsaye, kuma tunda yanzu ke ma'aikaciya ce, ki tambaya ko za a ɗaga miki asusun.

Sai maganar yayanki. Kada ki ga laifinsa, ƙauna ce ta sa shi, kuma yana da gaskiya ta wani gefe: ɗan'uwa ya rufa wa ɗan'uwa asiri ba abin kunya ba ne. Inna ma ba ta yi kuskure ba, addu'ar uba tana ƙetare teku ba tare da biza ba. Inda na rabu da Ilya wuri ɗaya ne, wato ɓoyewar. Wannan rana sau ɗaya take zuwa a rayuwa. Idan kika gina ta a kan ambulan ɗin aro, Baba zai yi murna, ke kuwa duk lokacin da aka tuna ranar sai kin sunkuyar da kai. Kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa cikin agogo, kina ganin fuskar autarsa za ta ɓoye masa abu?

Kunyar da kike ji ta cika baki ce, ba ta laifi ba, kuma wannan ba ta kisa. Duk wanda ya karɓi albashin farko bai cika baki ba, a duba lafiyarsa.

Ga abin da za ki yi idan bankin ya ƙi. Ki nemi su ba ki kwafin shek ɗin, ko ki karɓa daga wurin aikinku, ki haɗa da takardar albashi ki sa a ambulan. Ranar Asabar ki hau jirgi, ki durƙusa gaban Baba ki gaya masa komai yadda kika gaya mini, har da gudun da kika yi zuwa banki. Ina kyautata zaton dariya zai yi. Kuɗin dabino kuwa, ki cire daga ɗan abin da ya rage miki, ko Ilya ya bayar a gaban Baba da saninsa, shi ya zaɓa. Sannan ki buɗe takardar ki ɗora yatsansa a kan layin da aka rubuta wanda za a biya. Sunanki ne a wurin, kuma a al'adarmu sunan da ke biye da naki nasa ne. Mai gyaran agogo daga kasuwar Maradi, ga sunansa a takardar biyan albashi a Faransa. Takardun kuɗi ko sun cika ambulan ba za su nuna masa wannan ba. A kan wannan layin zai tofa addu'arsa, kuma a kan guminki za ta sauka.

Allah ya raya Nour, ya kai Baba gida lafiya, ya ba shi tsawon ran da zai ci albashinki na ɗari. Ki je da kai a sama, ɗiyata, ba hannu rabbana za ki je ba.

Tanti Shafa'atu