Surukina Ne Bakaniken Motata

Malam Falalu, assalamu alaikum. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, na gaji. Na ji an ce kafin ka kama biro sifana ka riƙe, shi ya sa na nufo ka, don matsalata rabinta injin ne, rabinta kuma mutum.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina cikin waɗanda aka kwaso daga Kano aka kawo Dutse da aka yanke mana jiha. Ina da wata tsohuwar Fijo, kowa ya gan ta ya san ta sha duniya. Ban saye ta don a ce ina da mota ba. 'Yata Ruwaida tana da ciwon sikila, in zai taso mata ba ya sallama, kuma sau da yawa a nan sai a ce mu wuce Kano saboda ƙarin jini. Ga wahalar man nan da ake ciki, in ka je tasha sai ka wuni mota ba ta tashi ba. Saboda yarinyar nan kawai nake riƙe da motar.

To, bakaniken motar surukina ne, mahaifin mai ɗakina. Ba zan kama sunansa ba ko a takarda. Tsohon bakanike ne a Aujara, tun zamanin manyan motocin gyaɗa, amma yanzu ido ya yi rauni, masu kawo masa aiki duk sun janye. Shi ya raka ni sayen motar, ya kara kunne a jikin injin ya ce a ɗauka. Tun daga nan, duk ranar kasuwar Shuwarin sai ya biyo motar 'yan kasuwa ya sauka gidana da jakar sifanunsa. Ya shimfiɗa buhu, ya ɗaga murfin injin, ni kuma ina tsugune a gefe kaina a ƙasa, ban da "to" da "madalla" ba abin da ke fita bakina. Ka san yadda muke da surukai. Ko abinci ba na iya ci a gabansa, balle in ce masa Baba ba haka ba ne.

Da farko ya cire ɗan abin nan da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya wurgar. Da lagireto ya fara ɗiga, ya zuba garin taba a ciki, ya liƙe wajen da sabulu. Ɗigar ta tsaya kam, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ta dawo ya ƙara garin. Yanzu wallahi ban san sau nawa aka zuba ba. Allurar zafi kuwa kullum tana sama, ko gangare nake. Bakin tiyo ɗaya da waya ya ɗaure shi.

Na taɓa yin dabara. Abokin aikina Muntaka ya kai ni wurin bakanikensa a bayan tasha, aka sa mini sabon tiyo, aka ce in dawo a wanke lagireto. Ranar kasuwa Baba ya ɗaga murfi, ya shafa tiyon da yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Ya mayar da sifanunsa jaka, aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi, ya tafi tun kafin la'asar. Mai ɗakina ta yi kuka, ta ce na nuna wa duniya ubanta ya tsufa, alhali motar nan ce kaɗai ta rage masa da yake taɓawa. Ban koma bayan tasha ba. Sai da ta je Aujara ta ba shi haƙuri sannan ya dawo.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na makon jiya. Ciwon ya taso wa Ruwaida da hantsi, muka kama hanyar Kano. Mun wuce Kwanar Huguma kaɗan sai tururi ya turnuƙe gaban motar, ta mutu. Rana tsaka, yarinya tana baya tana kiran ƙafarta, uwarta ta rungume ta tana salati. Na ruɗe, na roƙi ruwa a wata rijiya, na kwarara wa injin a ka, na cika lagireto. Ta tashi, ta sake mutuwa kafin Wudil. Wani mai motar shanu ne ya ɗauke su, Allah ya saka masa. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya canza.

An sallamo ta, alhamdu lillahi. Amma motar tun da aka jawo ta sai farin hayaƙi take yi, da safe tana tari kamar fulogi ɗaya ya mutu. Ruwa yana raguwa, ba na ganin ɗiga a ƙasa. Na zaro sandar awon baƙin mai, na ga ya koma kalar shayi da madara.

Baba bai san abin da ya faru a hanya ba. Mai ɗakina ta roƙe ni kada a faɗa masa, ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Shi kuwa Ruwaida ce 'yar gaban goshinsa, amaryarsa yake ce mata. Mun ce masa lafiya muka isa. Ga ranar kasuwa ta matso, na san zai zo da garin tabarsa a leda. In na kai motar wani wuri na ɓata da surukina da matata, in na bari kuma ban san inda za ta mutu mana nan gaba ba. Ba na barci sosai, a ofis ma sai a yi mini magana ban ji ba. Malam, ina zan sa kaina?

Wanda ya gaji, daga Dutse.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Ruwaida lafiya, ya ba ku ladan jinya. Mu fara da injin, don shi ne mai sauƙin.

Kada ka sake tayar da motar nan. Injin wuta yake ci a cikinsa, fetur na ƙonewa yana tura fistin. Ruwa ne ke zagayawa yana kwashe zafin zuwa lagireto, baƙin mai kuma yana hana ƙarfe cin ƙarfe. Tsakanin kan injin da gangar jikinsa akwai wani faifai da ake kira gasket, aikinsa ya raba wuta da ruwa da mai. Duk alamun da ka lissafa na cewa gasket ɗinka ya ƙone, ruwa yana shiga inda wuta take, yana kuma gauraya da mai. Man da ya sha ruwa ba ya tsare komai. In ka ci gaba da hawa, injin zai buga gaba ɗaya.

Aikin da ake bukata shi ne a sauke kan injin, a kai Kano wurin masu injin gogewa su duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage. A sa sabon gasket, a ɗaure kusoshin bi da bi da sifana mai awo, ba da ƙarfin hannu ba. A cire lagireto a buɗe shi a share hanyoyin ruwansa, a yi wa ɗigar walda. A duba famfon ruwa da fambel da murfin lagireton, a sauya wayar nan da maɗauri na gaskiya, a sayo irin abin tsare ruwan nan da aka wurgar a mayar. A zubar da man a sa sabo da sabuwar filta, in an ɗan yi tafiya a sake zubarwa. Kafin a gama, yau ɗin nan ka yi magana da Muntaka ko wani maƙwabci mai mota, ku ajiye magana cewa in ciwo ya taso shi zai kai ku.

Kai ma da naka a ciki. Ruwan sanyin da ka kwarara wa injin yana tafasa zai iya lanƙwasa kansa, na san ruɗewa ce, amma kada a kuma. In allura ta hau, ka tsaya, ka kashe, ka jira ya huce kafin ka taɓa murfi. Ruwan rijiya mai gartsi yana barin ƙanzo a lagireto, ka tari ruwan sama ko ka nemi mai kyau. In dole ta sa ka sha man 'yan bumburutu, ka shinshina, wanda aka gauraya da kananzir yana ƙara wa injin zafi.

Surukinka kuwa ba jahili ba ne. Garin taba da sabulu dabarar daji ce, ta direban da motarsa ta fashe nesa da gari, kuma ta kai mutane da yawa gida. An yi ta ne don a isa gareji, ba don a zauna a kanta ba. In aka yi ta maimaitawa, garin da ke toshe ɗiga shi ke toshe hanyoyin ruwan. Na tabbata da yana ganin cikin lagireton nan kamar da, shi zai fara cewa a sauke shi. Ɓacin ransa a kan tiyo ma ina ganin ba don an taɓa motar ba ne, don an zagaye shi ne.

Saboda haka kada ka sake zagaye shi, kuma ba sai kai ka buɗe baki a gabansa ba. Al'adar da ta hana ka magana ta ba ka 'yan aike. Kafin ranar kasuwa, mai ɗakinka ta je Aujara, ta sami mahaifiyarta ko wani aminin mahaifinta, a zauna a gaya masa komai: inda motar ta mutu, kukan yarinyar, da abin da likita ya ce. Sannan a roƙe shi ya jagoranci aikin. Shi zai zaɓi garejin, shi zai raka kan injin Kano, ya zauna a kujera masu ƙarfin ido su yi a gabansa. Wannan girma ne, ba kora ba.

Zai ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba, wataƙila ya yi kwanaki bai yi magana ba. In ya ƙi, ka kai motar gyara duk da haka, ka je ka durƙusa daga baya. Fushin suruki ana gyara shi.

Ka karanta wa mai ɗakinka wannan. Na san tausayin mahaifinta ne ya sa ta ce a yi shiru, amma ku biyun kun yanke wa dattijon nan hukunci cewa ya fi son sifanarsa a kan jikarsa, ba ku ko tambaye shi ba. Ku gaya masa yanzu da yarinyar take gida tana wasa. In kuka bari ya ji a ranar da ba ta isa Kano ba, ba zai yafe muku ba, kuma ba zai taɓa yafe wa kansa ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya raya Ruwaida, ya bar zumunci.

Malam Falalu