Matakala ta Huɗu Ta Yi Shiru

Zuwa ga Yaya Philippa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Murray. Allah ya sa gwiwar nan ta daina damunki. Mu nan Stroud lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Uwargidana Glenys ta gama dafa 'ya'yan itacen lambu ta cika kwalabe, har ba wurin ajiye kofi a kicin.

Bayan haka, ki zauna da kyau kafin ki ci gaba da karatu, don labarin babba ne: matakala ta huɗu ta benen gidanmu ta daina ƙara. Ita ɗin dai, wadda ta riƙa tona miki asiri duk lokacin da kika so sulalewa zuwa rawa.

Kin san tun rasuwar Mama nake neman ki sa hannu mu fasa benen nan, wato matakalun katakon duka, a kafa na zamani. Kin ƙi, na kira ki mai son tarkace. Na ma karanta miki tarihi ta waya, cewa waɗanda suka gina irin gidajen nan kusan shekara ɗari da ashirin da suka wuce attajirai ne da suka tsani kayan masana'anta, suna sha'awar zaman manomi, amma da kuku da mai wanki. Har na sa masu fasawa su zo ranar Litinin, da niyyar in gaya miki bayan an gama.

Glenys ce ta ce kafin in yi aika-aika in kira tsohon kafinta Tugwell ya duba. Ya zo yana tari, ya hau benen ya sauko sau biyu yana saurare kamar likita. Sai ya tambaye ni shekarata nawa a gidan. Na ce hamsin da uku. Ya ce to malam mai littattafai, a cikin hamsin da ukun nan ka taɓa leƙa ƙarƙashin benen, ko ƙura ba ta dace da ilimi ba? Ya buɗe 'yar ƙofar da muke jibge tsintsiya, muka shiga a durƙushe. Yaya, babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a ciki. Kowace matakala an tokare ta da 'yan katakai masu siririn baki. Ya ce da gangan aka bar su a fili, don in katako ya bushe ya saki, mai gida ya shiga ya ƙara buga su. Ya buga sau uku da gudumar katako, shi ke nan. Ƙarar shekaru ta mutu kafin shayinsa ya huce.

Abin da ya hana ni fitowa shi ne rubutun fensir a jikin katakon. Duk wanda ya buga ya rubuta shekara da sunansa: kafintan farko a 1904, Kaka a 1931, sai kuma 1968 da rubutun Mama. Mama fa, wadda Baba ke yi wa dariya wai ba ta san kan guduma da gindinta ba. Na lissafa, tana da cikina a lokacin. Me ya kai ta can? Ƙarar ce ta hana ki barcin rana kina jaririya? Wa ya nuna mata? Kuma don me ba ta taɓa faɗa ba? In kin san wani abu ki rubuto, don tambayar ta hana ni karatu. Tugwell ya ce ba abin mamaki ba ne, irin gidan nan yakan zaɓi mai hankalin cikinsa ya ba shi aiki. Ya faɗi haka yana kallona.

Na sallami masu fasawa. Ƙarƙashin sunan Mama akwai fili. Na rubuta shekarar bana, na bar wurin suna sai kin zo, don da ta ni ce da yanzu benen yana bola.

Ki gaishe da Murray, da 'yarku Bronwen da mijinta, da jaririnsu Hamish. Glenys tana gaishe ki, tana kuma tsaye a kaina sai na rubuta wannan: ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Ƙanenki,
Desmond