Tayoyin Landirobar Baba

Sintali, Jalingo
6 ga Maris, 1995

Zuwa ga Adda Hadijatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Baba, yaya idon nasa? Yaya maigidanki da mutanen Mutum Biyu? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Saƙonki ya iso cewa Baba ya matsa zai dawo gida bayan Babbar Salla. Kowa ya yi murna ban da ni, kuma yau zan faɗa miki dalili, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kin san tayoyin nan huɗu na Landirobarsa, waɗanda motar ta zo da su tun tana sabuwa, ya yi shekaru yana kai masu allurar shanu rugage a kansu, har saman Mambila. Kin san yadda ya roƙa a wurin aiki aka bar masa su da aka canza wa motar ƙafa, ya jingine su a ɗakin zaure, yana goge su duk Juma'a kamar takalman ango. Ita motar ma tun da ya saye ta a gwanjo ta fi zama a kan duwatsu. Ranar da kika tafi da shi, amana ɗaya ya bar min, ita ce tayoyin.

Adda, babu su. Bara da na fara kiwon raguna don albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, na rasa abin ba su ruwa. Na dubi tayoyin nan duk sun tsattsage, na ce me makaho zai yi da tsohuwar roba. Haka na faɗa a raina, Allah ya yafe min. Na kira mai yankan taya ya tsaga guda biyu, suka zama kwamin ruwa huɗu. Sauran biyun ya tafi da su ya yi takalma. Matata Kaltume ta hana ni, na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta.

Tun daga nan duk direban da Baba ya aiko yana tambaya, sai in ce a gaya masa suna nan ƙalau. Don girman Allah kada ki faɗa masa, zan san dabarar da zan yi.

Naki ƙane,
Jibrilla

Sintali, Jalingo
20 ga Afrilu, 1995

Adda Hadijatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga amsarki. Duk abin da kika kira ni na karɓa, har da sakaran, don ban da bakin musu. Amma shawararki ta in zo in durƙusa in faɗi gaskiya, ita ce na kasa.

Na je wurin Philemon mai faci, tsohon abokin aikin Baba, na kwance masa komai. Ya daɗe yana kallona kamar ya ga ɓarawon akuya. Ya ce shi da Baba sun kwana a daji a kan tayoyin nan ba sau ɗaya ba, kuma mutumin da ya shekara talatin yana taɓa abu, ba ido yake gane shi da shi ba. Duk da haka da na dame shi, ya raka ni Lau, inda wata Landiroba ta mutu a bayan gidan wani. Tayoyinta girmansu ɗaya da namu, sun tsufa daidai gwargwado. Na sayar da rago guda na ɗauko su.

Yanzu suna jingine a ɗakin zaure, na wanke su na goge. Kwamin kuwa na kai gidan maƙwabcinmu Hammanjoda. In na shiga na gan su sai in ji sanyi, in na fito sai in ji kunya ta rufe ni, don da laifi ɗaya nake da shi, yanzu na yi masa ƙane. Philemon ya ce kada in ƙara sa shi a irin wannan.

Ki gaishe da Baba, ki ce muna ta shiri.

Ƙanenki,
Jibrilla

Sintali, Jalingo
23 ga Mayu, 1995

Adda,

Ina fata kin koma gida lafiya, kin sami yara ƙalau. Kin yi saurin juyawa, ba ki ga abin da ya biyo baya ba.

Washegari da hantsi, maƙwabta sun cika zaure suna yi wa Baba barka da zuwa, ya ce in kai shi wurin tayoyinsa. Na riƙe hannunsa na kai shi. Ya tsuguna ya shafa ta farko tun daga baki har ciki, ya bi zanen da yatsa a hankali. Ya koma ta biyu. Bai taɓa ta uku ba, ya miƙe ya karkaɗe hannunsa.

Sai ya juya wajen mutane ya ce su shaida, Jibrilla ɗa ne mai riƙon amana, ya ɗora min hannu a ka ya sa min albarka, doguwa, irin wadda bai taɓa sa min ba. Kowa na cewa amin, Philemon na bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Da aka watse muka rage mu biyu, ya ce in kira mai yanka ya tsaga su a raba wa masu dabbobi sadaka, don waɗannan ba su da wani abin da za a ajiye su dominsa. Waɗannan ya ce, Adda. Sannan ya tambaye ni ko ragunan sun yi ƙiba.

Ya sani. Ya sani, ya rufa min asiri a gaban jama'a, ni da na yi ta aika masa ƙarya shekara guda. Kwana uku ke nan yana hira da ni kamar babu komai. Gobe in Allah ya kai mu zan je gidan Hammanjoda in ɗauko kwamin nan, in ajiye a gabansa ya taɓa abinsa, in faɗa masa da bakina. Albarkar da ya sa min ba tawa ba ce tukuna, ina so in roƙe shi ya sake sa min wata.

Ki taya ni da addu'a.

Ƙanenki mai kunya,
Jibrilla