Shaidar da na bayar kan hankalin Baba

Hajiya, don Allah ki taimaka ki sauke mini wani nauyi. Kowa a gidanmu barka yake yi mini, ni ma Allah ya sani na ji sanyi, amma akwai abin da na ɓoye, kuma ya hana ni sakat.

A Agege aka haife ni. Mahaifina, Malam Badaru, shekara arba'in yana sayen fata a mayankar Oko-Oba, a yi mata gishiri a loda zuwa Kano. Ya rasu wata huɗu da suka wuce. A gidanmu akwai wata dattijuwa, Mariamu, Kirista ce daga kudancin Kaduna. Mijinta, marigayi Yari, shi ne mai ɗaukar wa Baba fata har ƙarshen rayuwarsa, ita kuwa ita ta yi jinyar mahaifiyata wata tara, har wankin tsumma, lokacin ina gidan miji a Isolo ina fama da goyo. Ba ta da ɗa, ba ta da inda za ta koma.

Shekara guda da 'yan watanni kafin rasuwarsa, Baba ya ce in raka shi wurin lauya, don ni ce mai Turanci a gidan. Ya ba Mariamu ɗakin da take ciki kyauta, halak malak. Lauyan ya yi ta maimaita wata kalmar Turanci, sound, ya ce takardar ba ta da amfani sai in mai kyautar hankalinsa cikakke ne. Na fassara wa Baba layi layi, ya dangwala hannu, shaidu biyu suka sa nasu.

Bayan sadakar arba'in sai ƙanensa, Baffa Nata'ala, ya zo daga garinsu na asali ya ce bai yarda ba. Wai tun da soja suka sauka kowa ya koyi gudu wurin lauya, kuma wai babu mai hankalin da zai ba bare ɗaki alhali yana da jini. Ya ce tsufa ne ya ruɗa yayansa. Mariamu ta ɗaure kayanta a zani, mako biyu tana kwana kusa da ƙullin. Dattawan unguwa suka zauna, aka kira ni, aka tambaye ni ko Baba yana cikin hankalinsa ran nan. Na ce ƙwarai. Suka tabbatar mata da ɗakin. Da na ga ta kwance ƙullin nan, sai da na yi kuka don daɗi.

Ga abin da ban faɗa ba. A cikin motar haya ta danfo muna dawowa daga wurin lauyan, Baba ya juyo ya kira ni Fadima. Sunan mahaifiyata ke nan, ita da ta shekara uku a ƙasa. Ya tambaye ni ko na jiƙa masa gero. Sai da na taɓa shi ya yi firgigit, ya yi dariya ya ce tsufa. Daga nan ma bai yarda mun wuce gida ba, sai da muka biya Oko-Oba. Idonsa ya riga ya yi rauni, da tafin hannu yake duba kaya. Aka shimfiɗa masa fata goma sha biyu, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ware guda ya ce wuƙar mai fiɗa ta zarce a wajen haƙarƙari, an cusa gishiri an ninke don kada a gani. Aka buɗe, haka ne. Amma ni wancan kiran ne ya ƙi barin kunnena. Shin shaidar zur na yi? In na faɗa, za a fitar da Mariamu? In na yi shiru, me zan ce wa Allah?

'Yar mai fata, Agege

'Yata, ki saki ranki. Ba ki yi shaidar zur ba.

Kalmar nan da lauyan ya yi ta nanatawa, Turawa suna faɗarta ga saniyar da ba ta da cuta, ga ginin da ba zai rufta ba, ga shawarar da ta zauna daidai. Nufinta abu ya isa aikin da ake nema gare shi. In an kawo ta kan hankali a takardar kyauta ko wasiyya, abin da ake dubawa kaɗan ne: a lokacin da mutum ya sa hannu, ya san abin da ya mallaka, ya san su wa ke da haƙƙi a kansa, ya san me yake bayarwa da wanda yake ba. Ba a neman tsohon da bai taɓa mantuwa ba. Ni da ke rubuta miki, sai na kira sunan 'ya'yana uku kafin in dace da wanda nake nufi, kuma har yau ba a ɗaure ni ba.

Mahaifinki shi ya ce a je wurin lauya, shi ya zaɓi ɗakin, ya saurari fassara har ƙarshe. A yinin nan kuma ya kama yankan da masu ido biyu suka ɓoye masa. Kin ba ni wannan labari kamar abin cike takarda, alhali shi ne babbar hujjarki. Ga shi kuma yana kan ƙafarsa ya yi kyautar, ba a kan gadon ciwo ba, ya ƙara shekara guda yana ganin Mariamu a ɗakin bai ce ya fasa ba.

Amma kada ki mai da Baffanki mugu. Yana can gida, bai ga wankin tsumman nan na wata tara ba, takardar Turanci kawai ya gani da sunan baƙuwa. Wanda yake nesa dole ya yi zargi.

Shawarata, kada ki ci gaba da ɓoyewa, don abin da aka ɓoye in ya fito daga baya ya fi girmansa. Ki fara zuwa wurin malamin da ya san rabon gado, da lauyan da ya rubuta takardar, ki faɗa musu duka, kiran da fatar, su tabbatar miki da abin da na ce. Sannan ki sami Baffa da ladabi, da dattijo ɗaya a gefe, ki ba shi labarin yinin nan tun daga fitarku gida. Ki tafi da wanda ya buɗe fatar in yana nan. Takardar kuma ki yi mata kwafi biyu, ɗaya ta zauna a hannun Mariamu.

Game da kiran nan, ga yadda na gan shi. Mutum ya fito daga saka wa matar da ta yi jinyar matarsa, ya zauna a mota, wa kike so ya faɗo masa a rai? Da ita yake magana a zuci, yana gaya mata ya cika, sai ya juyo ya ga fuskarta a taki.

Allah ya jiƙan Malam Badaru da Fadima, ya ba ki barci mai daɗi. Ki gaishe mini da Mariamu.