Ni na cike katin maganin mijina, yanzu ’yata ke tari

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Ina roƙon duk mai niyyar zagina ya bari sai ya kai ƙarshe, domin babu kalmar da zai faɗa min wadda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

A Dutsen Kura nake zaune, nan Minna. Sati uku ke nan da na fita takaba. Maigidana direban bas ne, yana jigilar ɗalibai zuwa jami’ar da ke Gidan Kwano. ’Yarmu ɗaya, zan kira ta Ummi, shekararta takwas.

Shekara biyu da suka wuce ya kama tari, ya rame har wandonsa ba ya zama a ƙugu. A asibiti aka gwada kakinsa aka ce tarin fuka ne. Wata nas, ’yar kudancin Kaduna da kowa ke kira Sista, ta zaunar da mu ta ce magani kyauta ne, amma wata shida zai yi yana sha kullum da safe kafin ya ci komai, ba fashi. Ta miƙo min wani kati mai gidaje-gidaje, kowace rana da gidanta. Ta ce, “Madam, kai ne zai riƙe wannan. In ya haɗiye a gaban idonka, sa maki. In bai haɗiye ba, bar wurin haka.” Na karɓa da hannu biyu na ce in sha Allahu.

Wata biyu na farko ba mu yi fashi ba. Tari ya tsaya, jiki ya dawo, ya koma tuƙi. Daga nan ya fara ƙorafi. Ƙwayoyin manya ne, suna tayar masa da zuciya, gaɓoɓinsa na ciwo, ga shi yana ɗaukar ’ya’yan mutane a mota. Wata safiya na miƙa masa da kofin ruwa, ya ture hannuna a hankali yana dariya ya ce, “Maman Ummi, kin taɓa ganin an kai mota mai lafiya gareji? Na warke.” Na ce Sista fa? Ya ce, “Sista ce mijinki ko ni? Sa mata makinta, kowa ya huta.”

Na sa. Da hannuna na sa, babu wanda ya riƙe min biro. Tun daga ranar sai ya zama yau ya sha, gobe ya ƙi, wani lokaci sati guda bai taɓa ba, ni kuma ina cike gidajen kati ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin da suka rage ina zuba su a gwangwanin madara a ƙasan akwatina. Duk ranar karɓar magani Sista takan ɗaga katinmu ta nuna wa masu jira a benci ta ce su yi koyi da ni. Me ya hana ni buɗe baki a lokacin? Kunya ce? Tsoron ɓacin ransa ne? Ko daɗin yabon nake ji? Har yau ban san amsar da zan ba Ubangijina ba.

Bayan wata bakwai da “gama” magani tarin ya dawo, wannan karon da jini. Aka sake gwaji. Sista ta shigo da takarda fuskarta ba walwala, ta ce cutar ta daina jin maganin da aka ba shi a da, kuma hakan ya fi faruwa ga wanda ya riƙa sha yana bari. Ta dube ni ta ce, “Madam, gaya min gaskiya, ya sha duka?” Na ce ya sha. Maigidana na kwance yana jina. Ya dube ni, na dube shi, ya mayar da fuskarsa bango. Aka canja masa magani mai ƙarfi, amma huhun ya riga ya lalace. Kwana biyu kafin ya cika ya kama yatsana ya ce, “Laifina ne, kada ki faɗa wa Nna.” Nna mahaifiyarsa ce, tana Bida. Shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Ranar sadakar uku Nna ta riƙe hannuna a gaban mata ta ce ba ta taɓa ganin matar da ta yi jinyar miji kamar ni ba, Allah ya ba ni Aljanna. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin. Sista ma ta zo gaisuwa, ta ja ni gefe ta ce dole a kawo duk ’yan gidan a gwada su. Na ce ina takaba. Na san takaba ba ta hana zuwa asibiti. Fuskarta ce ba na iya kallo.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ummi ta fi wata guda tana tari. Da safe nakan tarar da zanin gadonta jiƙe da gumi, ba ta cin abinci, siket ɗin makarantarta sai na kama shi da fil. Na san wannan tarin, na san sautinsa. Maimakon in kai ta asibiti, sai na buɗe gwangwanin nan. Kwana goma sha ɗaya ina raba ƙwaya gida biyu ina ba ta rabi a cikin koko. Shekaranjiya ta riƙe kofin ta ce, “Mama, wannan ba maganin Baba ba ne? Ai bai warkar da shi ba.” Maganin da aka ce cutar ubanta ba ta ji, shi nake ɗura wa yarinya, rabi-rabi, ba gwaji, ba likita. Wace irin uwa ce ni? Na daina ba ta, amma ban sani ba ko dainawar ma wata ɓarnar ce.

Jiya Nna ta kira, ta ji tarin Ummi ta waya. Sai ta ce ranar Lahadi tana tafe, Litinin da safe mu uku za mu je wurin Sista, da ƙafarta za ta shiga ɗakin. Ta ce, “Ba zan binne biyu ba, ’yata.”

In na yi shiru a ɗakin nan, ina tsoron abin da na ba Ummi ya ɓoye cutar a gwaji, ko a ɗora ta a kan maganin da ba zai yi mata aiki ba, in rasa ta kamar yadda na rasa ubanta. In na yi magana, dole in faɗi inda na samu ƙwayoyin, kuma Nna za ta ji da kunnenta cewa matar da ta sa wa albarka ce ta riƙa cike katin ƙarya har ɗanta ya tafi. Zan karya wasiyyar mamaci. Na san dangin mijina, za su ɗauke Ummi su kai ta Bida, kuma ba ni da bakin hana su. Na yi tunanin in riga Nna zuwa wurin Sista ni kaɗai gobe Juma’a, har na fitar da hijabina, amma in ta tambaye ni a gaban Nna ranar Litinin fa? In sake yin ƙarya a kan gadon wani mara lafiyar?

Ina jin tarin Ummi daga tsakar gida yanzu da nake rubutun nan. Masu ilimin lafiya da iyaye mata da ke wannan shafi, don girman Allah ku amsa min kafin Lahadi. Me zan yi?