Baba Ba Ya Iya Zaman Fasinja

Anti, don Allah ki raba mu da wannan gardama, kafin ni da yayana mu daina gaisawa.

Mahaifinmu direban bas ne har ya yi ritaya. Bara ya gogi ƙofar gida da motarsa har fenti ya ɓare, muka haɗa baki muka karɓe makullin, yanzu yana cikin jakata. Tun daga nan aikinsa wanke motar da ba ya tuƙawa, sai kallon ƙananan jiragen wata makarantar koyon tuƙin jirgi da ke wucewa ta kan gidanmu. Ko abinci yake ci, da ya ji ƙararsu ya fito tsakar gida da cokali a hannu. Shi ne muka ce bari mu yi masa bazata, mu biya masa ya hau jirgin.

Makarantar ta ce abu biyu ne. Akwai shawagin ɗanɗano, matuƙi ya zaga da mutum, ya sha kallo ya sauko. Akwai kuma darasin farko, malami ya yi bayani a ƙasa, sannan a sama ya bar ɗalibi ya riƙe sitiyari. Yaya ya kafe sai darasi, ni na ce shawagi.

Anti, ba ki san Baba ba! In na ɗauke shi a mota, birkin da babu shi yake takawa, har ya huda mini shimfiɗar ƙasa. Ya gyara mini madubi, ya miƙo hannu ya danna mini hon. Ran nan direban tasi ya sauke mu a hanya saboda gyare-gyarensa. Wannan mutumin za a miƙa wa jirgi? Yaya sai dariya yake, wai na mayar da Baba jariri. Shi da ba ya kai Baba asibiti, ai baki ne kawai da shi. Na gaji wallahi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, Baba ya daina yi mini hira, daga sannu sai sannu.

’Yar da ta gaji da gardama

’Yata, tsoronki ba laifi ba ne, kuma ki gaya wa yayanki na ce mai dariya ya riƙa karɓar kai tsoho asibiti. Amma a wannan karon shi ke da gaskiya.

Ki sake karanta wasiƙarki. Mutumin da ya huda shimfiɗar mota ba kallo ya rasa ba. Hali zanen dutse: in kuka ɗaure shi a kujera yana kallon wani na tuƙi, a sama ma gyara zai yi ta yi, ya sauko da takaici. Shawagi ya dace da mai son ganin gari daga sama, ko mai gwada zuciyarsa. Babanku hannunsa ne ke ƙaiƙayi.

Ki kira makarantar, ki faɗa musu shekarunsa da lafiyarsa ba ɓoye-ɓoye. Ki tambaya ko malamin na da nasa sitiyarin a gefe, da yadda yake karɓewa in ɗalibi ya kauce. In amsar ta kwantar miki da hankali, ku biya darasi ɗaya tak, ba alƙawarin na biyu. Bazatar kuma ku ajiye ta. Ku gaya masa tun yanzu, ya samu abin ɗoki.

Sai maganar shirunsa. Kun taɓa yanke masa hukunci ba ku tambaye shi ba, saboda fentin ƙofa. Ku kai shi a duba idonsa da tuƙinsa, likita ya faɗi makomar makullin nan, ba jakarki ba. Kin riga kin mayar da shi kujerar fasinja sau ɗaya, kada ki sake yin haka kuma ki ce kyauta kika yi masa.

Allah ya sauke shi lafiya, ya dawo miki da hirar babanki.